Raɗa suna da raba muƙamai ba su ne ƙungiya ba

'Yan uwana matasa, akwai wata ɗabi'a da ta yi mana katutu. Da zarar wani abu ya ɓata mana rai a harkar mulki, sai mu taru mu goma, mu raɗa wa kanmu suna mai tsawo, mu raba muƙamai, a buɗe shafi a Facebook. Kafin wata uku shugaba ya zama ɗan koren wani ɗan takara, sakatare ya daina ɗaga waya. Na taɓa zama a irin wannan taro, aka kwashe awa biyu ana cacar baki kan wanda zai riƙe ma'aji, alhali asusun ma ba a buɗe ba.

Ƙungiyoyin farar hula da suka juya akalar mulki ba haka suka yi ba. A 1980 ma'aikatan wajen ƙera jiragen ruwa na Gdansk a Poland suka shiga yajin aiki, aka kafa ƙungiyar Solidarnosc a ƙarƙashin Lech Walesa, wanda sana'arsa gyaran lantarki ce. A Disambar 1981 gwamnatin kwaminis ta kafa dokar soja, ta tsare shugabanninta. Duk da haka ƙungiyar ba ta mutu ba, a ɓoye ta ci gaba da aiki, har gwamnati ta zauna teburin sulhu da ita a 1989, aka yi zaɓe a watan Yuni. Shekara tara ke nan, ku lura, ba mako biyu ba.

Na Tunisiya ya fi ɗaukar hankalina. A 2013, bayan kashe 'yan adawa biyu, Chokri Belaid da Mohamed Brahmi, ƙasar ta kama hanyar wargajewa. Ƙungiyoyi huɗu suka shiga tsakani: ta ƙwadago, ta masu masana'antu da 'yan kasuwa, ta kare haƙƙin ɗan Adam, da ta lauyoyi. Aka samu sabon tsarin mulki a Janairun 2014, su kuma suka karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2015. Me ya sa 'yan siyasa suka saurare su? Ƙungiyar ƙwadagon nan, UGTT, tun 1946 take, tana da mambobi na gaske da rassa a faɗin ƙasa. In ta ce a ajiye aiki, za a ajiye. Kuma kada ku manta, a 2021 Shugaba Kais Saied ya dakatar da majalisa. Abin da aka samu da gumi yana iya suɓucewa.

A Najeriya ma, dokar da ta rage shekarun takara a 2018, ta shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, ta majalisar wakilai daga 30 zuwa 25, ba ihu ne kaɗai ya kawo ta ba. Gyaran tsarin mulki sai da amincewar aƙalla majalisun jihohi 24 daga cikin 36, don haka sai da matasa suka riƙa bin 'yan majalisa ofis-ofis, jiha bayan jiha.

Wannan aikin ne muke gudu, don ba ya kawo tafi: karanta ƙudurin doka shafi-shafi, bin diddigin kasafin kuɗi, tsayawa a rumfar zaɓe har a sa hannu a takardar sakamako.

Sannan ku dubi cikin gidanku. Kuna zagin shugaban da ya ƙi sauka, alhali naku shugaban tun ranar kafa ƙungiya yake kan kujera. Kuna neman gwamnati ta bayyana yadda ta kashe kuɗi, ku kuwa ba wanda ya san mai biyan kuɗin zauren taronku. A zamanku na gaba, wani ya ɗaga hannu ya tambayi ma'aji littafin kuɗi, ya kuma tambayi ranar da za a yi zaɓen sababbin shugabanni.