Mu ma fa muna da itatuwan fure, kallonsu ne ba ma yi

Jama'a tunda na zo jihar Ohio nan Amurka akwai abin da duk watan Afrilu sai ya tsaya min a rai. Sanyi na fara janyewa sai ka ga wata bishiya da suke kira redbud ta ɓarke da fure ja-ja mai ɗan shuɗi tun kafin ganye ko ɗaya ya fito, a bakin titi, a ƙofar gida, a cikin manyan tukwanen siminti da hukumar gari ke jerawa. Kuma ita 'yar ƙasa ce, a dazukansu take, jihar Oklahoma ma tun 1937 ta ɗauke ta a matsayin bishiyarta.

To ni dai duk na gan ta minjirya nake tunawa wallahi. Ita ma ai haka take, cikin rani ta zubar da ganye ta fito da jan fure kamar garwashi, ga sansami da furensa mai laushi, ga gurjiya lokacin hunturu. Amma ka duba titunan garuruwanmu me muke dasawa? Darbejiya daga Indiya, turare daga Ostireliya, sai waccan mai jan fure da aka kawo daga Madagaska. Ban raina darbejiya ba fa, ta ba mu inuwa a inda babu, amma ace gari guda ba ka ga minjirya ko ɗaya a shataletale ba abin da ciwo.

Su ma nan sai da suka ƙone hannu kafin suka gane. Shekara da shekaru suna dasa wata bishiyar farin fure da suka ɗauko daga Sin, callery pear, ta tsallake gidaje ta mamaye gonaki da fili tana danne na asali, har Ohio ta hana sayar da ita da dasa ta daga Janairun 2023.

Abin da ya fi taɓa ni kuma shi ne 'yar bishiyar nan tamu, kariya. Na shiga wurin sayar da tsirrai na tarar da ita zaune cikin tukunya mai kyau ana ce mata furen hamada, mutane na ɗauka suna lallaɓawa suna shigar da ita ɗaki in sanyi ya zo, alhali a wajenmu tana nan a kan duwatsu ba mai ko waiwayarta. Kuma babu wadda ta dace da tukunya kamarta, gindinta mai kauri yana riƙe ruwa, ka huda ƙasan tukunyar ka haɗa ƙasa da yashi da yawa ka ajiye ta a rana shikenan, yawan ban ruwa ne ma ke ruɓar da ita. Sai dai ƙaronta dafi ne, a nisanta ta da yara da awaki.

Minjirya kuwa reshe kawai za ka sara ka kafa farkon damina ya kama, amma tana da ƙaya, jikin katanga ya fi mata. Gurjiya kar ma a gwada ta a tukunya, babbar bishiya ce, sai mai fili.

Na riga na roƙi ƙanena ya kafa min reshen minjirya biyu a tsakar gida bana idan ruwa ya sauka.