Darasin kisan ƙare dangi bai cika ba muddin aka tsallake 'yan Roma

Kowace shekara, ranar 27 ga Janairu, makarantu da dama a Turai sukan dakatar da karatu na ɗan lokaci domin tunawa da mutanen da gwamnatin Nazi ta Jamus ta hallaka a Yaƙin Duniya na Biyu. A wannan rana ce, a 1945, sojojin Tarayyar Sobiyet suka isa sansanin Auschwitz da ke Poland. Jamus ta keɓe ranar tun 1996, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta mayar da ita ta duniya baki ɗaya a 2005. Amma akwai wata rana, 2 ga Agusta, wadda take faɗowa cikin dogon hutu lokacin da yawancin azuzuwa suke rufe. A daren wannan rana, a 1944, aka kwashe 'yan ƙabilar Roma da suka rage a sashensu na Auschwitz-Birkenau, galibinsu mata da yara da tsofaffi, su kusan 4,300, aka kashe su da iskar guba kafin gari ya waye. Sai a 2015 Majalisar Dokokin Turai ta amince da ita a matsayin ranar tunawa da su.

'Yan Roma ba mutanen birnin Rum ba ne. Al'umma ce da kakanninta suka fito daga arewacin Indiya, suka bazu cikin Turai ɗaruruwan shekaru da suka wuce, kuma reshensu da ya daɗe a Jamus shi ake kira Sinti. An kashe Yahudawa kimanin miliyan 6, ciki har da yara kimanin miliyan 1.5. Na Roma kuwa masana tarihi suna ƙiyasta tsakanin 220,000 zuwa 500,000, kuma tazarar da ke tsakanin waɗannan alƙaluma biyu ta samo asali ne daga yadda aka harbe da yawansu a dazuzzukan gabashin Turai ba tare da an rubuta sunayensu ba, bayan yaƙin kuma aka daɗe ba a nemi ƙirga su ba.

Ra'ayina shi ne makarantar da ta koyar da kisan Yahudawa, sannan ta ambaci Roma da jimla guda a ƙarshen babi, ta gaji wata tsohuwar ƙarya ko da ba ta sani ba. A 1956 babbar kotun tarayya ta Jamus ta Yamma ta yanke hukunci cewa matakan da aka ɗauka kan Roma kafin Maris na 1943 na hana aikata laifi ne, ba na ƙiyayyar jinsi ba, wato kotun ta maimaita hujjar da makasan suka kafa, ta kuma toshe wa dubban waɗanda suka tsira hanyar samun diyya. Sai da wasu 'yan Sinti, ciki har da Romani Rose, suka yi yajin cin abinci a tsohon sansanin Dachau a 1980, kafin shugaban gwamnati Helmut Schmidt ya amsa a 1982 cewa kisan ƙare dangi aka yi musu. Wurin tunawa da su a Berlin bai buɗe ba sai 2012, shekara 67 bayan yaƙin. Malaman da ke koyarwa yau da yawansu sun tashi ne da littattafan da aka rubuta cikin wannan shirun.

Da ni ke tsara manhaja, da labarin yaran Mulfingen zan fara, domin labarin 'yan makaranta ne. A wani gidan yara na cocin Katolika da ke wannan ƙauye a kudancin Jamus, an tara yaran Sinti da aka raba da iyayensu. Wata mai bincike, Eva Justin, ta je ta auna su, ta gwada basirarsu, ta rubuta kundin digirinta na dakta a kansu. Da aikin ya ƙare, a 1944 aka tura yara 39 Auschwitz, huɗu kawai suka fito da rai. Ita da ubangidanta Robert Ritter, wanda ofishinsa ya tattara bayanan dubban Sinti da Roma da 'yan sanda suka yi aiki da su, ba a hukunta su ba, kuma bayan yaƙin dukansu sun sami aiki a ma'aikatar lafiya ta birnin Frankfurt. Ɗalibin da ya ji wannan zai gane abin da hoton waya mai ƙaya ba zai nuna masa ba: kisan ya bi ta hannun likita da akawu da ɗan sanda da ma'aikacin jirgin ƙasa, mutane masu ilimi da albashi, kowa ya sa hannu a takardarsa ya koma gida wurin iyalinsa.

Shi ya sa nake ganin darasin ya fi kama jiki idan aka kawo shi ƙofar gida. Duwatsun tunawa da Gunter Demnig, wani mai fasaha Bajamushe, yake dasawa a bakin gidajen da aka kwashe mutane, kowane ɗauke da suna da shekarar haihuwa, sun kai 100,000 a 2023, kuma ɗalibai ne sau da yawa suke tono tarihin masu sunayen. Dutsen farko, wanda aka sa a birnin Kolon na Jamus ranar 16 ga Disamba 1992, na tunawa ne da umarnin Heinrich Himmler, shugaban dakarun SS na Nazi, na 1942 na kai Roma Auschwitz. Romaniya ma ta yi abin yabo da ta wajabta darasin tarihin Yahudawa da kisan da aka yi musu a manyan azuzuwan sakandare daga 2023, domin ta daɗe tana ɗora laifin duka kan Jamus, alhali gwamnatin Ion Antonescu ce da kanta ta kori Yahudawa, haɗe da Roma kimanin 25,000, zuwa Transnistiriya, yankin da ta mamaye a lokacin yaƙin, inda kusan 11,000 daga cikin Roman suka mutu.

Wasu suna fargabar cewa haɗa labaran biyu zai rage nauyin abin da ya sami Yahudawa. Wannan fargaba tana da tushe, domin ƙin Yahudawa shi ne ginshiƙin aƙidar Nazi, kuma a taron Wannsee na Janairun 1942 manyan jami'an Nazi sun zauna sun lissafa Yahudawa miliyan 11 a faɗin Turai a matsayin waɗanda za a gama da su. Malami na gari zai faɗi wannan ba tare da ragi ba, sannan ya nuna inda hanyoyin biyu suka haɗu da inda suka rabu. Na kuma san akwai masu karatu da za su ce, da abin da ke faruwa a Gaza, me ya kawo wannan magana? Zafin da suke ji gaskiya ne, amma yarinya Bayahudiya da aka kashe a sansanin Treblinka a 1942 ta mutu shekara shida kafin a kafa ƙasar Isra'ila, kuma babu adalci a ɗora mata nauyin abin da wata gwamnati ta aikata bayanta.

Abin da ya fi damuna shi ne makarantun da ake so su koyar da wannan tarihi su ma ba su gama wanke hannunsu ba. A 2007 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta sami Jamhuriyar Cek da laifin nuna wariya, saboda yadda ake tura yaran Roma na birnin Ostrava makarantun masu raunin fahimta. A wannan ƙasa ce kuma, a Lety, inda aka tsare Roma fiye da 1,300, sama da 300 suka mutu, yawancinsu yara, aka gina gonar aladu a shekarun 1970. Gwamnati ba ta sayi gonar ba sai 2017, aka rushe ta a 2022, aka buɗe wurin tunawa a 2024. Yanzu ne malamai za su iya kai ɗalibai wurin, cikinsu har da jikokin waɗanda aka binne a gefen dajin.