Mujallun senti goma na Amurka da littattafanmu na Kasuwar Kano

A Amurka in ka ji mutum ya ce "pulp", sai ka duba inda yake tsaye kafin ka san abin da yake nufi. In gaban firjin kanti ne, maganar tsaki-tsakin lemu yake yi, domin ruwan lemun kwali iri biyu ne, akwai mai tsakin akwai tatacce. In wurin likitan haƙori ne, to jijiyar nan ce ta can cikin haƙori, wadda in ta ruɓe mutum ba ya runtsawa. Garin 'ya'yan kuka da ake kaɗawa a nono ma haka suke kiransa a shagunan masu kula da lafiya, kuma kuɗin ɗan ƙullinsa sai ka riƙe baki. Amma wadda ta sa ni wannan rubutu ita ce ta takarda, wato ƙullun itace da ake niƙawa a shimfiɗa a busar. Daga wannan takarda mai arha ne wani nau'in adabi sukutum ya samo sunansa, kuma duk lokacin da na ci karo da shi sai littattafan soyayyarmu na Kano su faɗo mini a rai.

A 1896 wani mai buga mujallu a New York, Frank Munsey, ya ɗauki mujallarsa Argosy ya cika ta da ƙagaggun labarai zalla, ya buga a kan takarda mafi araha, ya sa mata senti goma. Kasuwa ta buɗe, kowa ya shigo. Daga shekarun 1920 zuwa na 1940 teburan masu jarida sun cika da irinsu: na 'yan sanda da ɓarayi, na kaboyi, na tafiya duniyar wata, na aljanu da dodanni, sai kuma na soyayya, waɗanda suna cikin masu ciniki fiye da kowa. Tarzan ɗin da muka sani a fim, a irin wannan mujalla ya fara fitowa a 1912. Marubutan kuwa da kalma ake biyansu, galibi senti ɗaya kowace kalma, don haka wanda yake son biyan kuɗin haya dole ya yi ta zuba rubutu ba dare ba rana. Masu ilimi sun raina su. Iyaye sun ce suna lalata yara. Har magajin garin New York na lokacin, La Guardia, ya sa ƙafar wando ɗaya da masu bangon tsiraici.

Akwai wani taro da ake yi duk shekara a Lombard, kusa da Chicago, na masu tara waɗannan tsofaffin mujallu. Na tsaya gaban teburin wani dattijo da ya jera su cikin kwalaye, kowace a cikin ledarta da ɗan kwali a baya don kada ta lanƙwashe. Da ya ciro ɗaya ya miƙo mini, da hannu biyu ya yi. Takardar ta koma ruwan ƙasa, bakinta yana marmashewa, har ɓurɓushi ya zubo a kan tebur. Laifin takardar ne: in aka niƙa itace ba a cire sinadarin lignin ba, ga kuma asid a jiki, to iska da haske za su ci ta a hankali. Ba a yi ta don ta daɗe ba, an yi ta ne a karanta a cikin jirgin ƙasa a yar. Ga shi yau abin senti goma ana yi masa kuɗi dala ɗari, wani ma fiye.

Duk wanda ya tashi a Arewa a shekarun 1990 ya san ɗan'uwan wannan abu. Ɗan siririn littafi, an ɗinke shi da waya biyu, bango mai hoton budurwa, shafin farko cike da godiya ga Hajiya da Anti da ƙawaye da "masoyana na Gusau da Maraɗi". Labari na kai wa inda zuciya ke bugawa sai ka ga an rubuta mu haɗu a littafi na biyu. 'Yan mata suna cusa shi cikin littafin lissafi, matan aure suna karɓar haya a shagon unguwa, littafi ɗaya ya zaga gida biyar kafin bangon ya cire. Kuma ba daga sama ya faɗo ba. Shirin UPE na 1976, na ilimin firamare kyauta ga kowa, ya yaye dubban yara masu karanta boko, Hukumar Yaƙi da Jahilci ta Kano da aka kafa a 1980 ta koya wa matan aure karatu, sannan tsarin tsuke bakin aljihu na SAP na 1986 ya karya manyan kamfanonin ɗab'i har suka maƙale wa littattafan makaranta. Masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin su ma suka durƙushe. Ga masu karatu, babu mai buga musu abin karantawa. Sai matasa suka tara kuɗinsu suka nufi ƙananan maɗaba'u, suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama, suka kai kayansu Kasuwar Sabon Gari.

Sunan da ya bi su, Adabin Kasuwar Kano, wanda malamin jami'a Ibrahim Malumfashi ya yayata yana kwatanta su da ƙananan littattafan Turanci masu arha na kasuwar Onitsha, ba yabo ba ne a lokacin. An yi ta gwabzawa a jaridu, su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suna kare marubutan. Zargin dai shi ne wanda aka yi wa na Amurka: ɓata tarbiyya, rashin inganci, kwaikwayon baƙi, a nan finafinan Indiya. A 2007 abin ya kai ga gwamnatin Kano, ƙarƙashin shirinta na gyaran tarbiyya, A Daidaita Sahu, ta tara littattafan da aka ƙwace a hannun ɗalibai mata aka cinna musu wuta a bainar jama'a.

Ni ba na cikin masu cewa duk abin da aka buga a lokacin zinariya ne. Akasarinsu ba su da kyau, kamar yadda akasarin na Amurka ba su da kyau. Na karanta na Amurkan da dama, wallahi wasu ko shafi uku ba za ka iya kai wa ba, ga wariyar launin fata tsirara, baƙar fata kullum shi ne dodo ko bara. Abin da ya raba mu da su ba hazaƙa ba ce. Edita ne.

Mujallar Black Mask, wadda aka kafa a 1920, ta sami wani edita mai suna Joseph Shaw daga 1926 zuwa 1936. Mutumin nan yana mayar wa marubuci da labarinsa ya ce a rage surutu, a bar aiki ya yi magana. A hannunsa Dashiell Hammett ya gawurta, a hannunsa Raymond Chandler ya fitar da labarinsa na farko a 1933, dukansu shahararrun marubutan labaran binciken laifi. Love Story Magazine kuwa mace ce, Daisy Bacon, ta riƙe ta kusan shekara ashirin, ita ke zaɓa ita ke watsarwa. Wato marubucin can, duk talaucinsa, yana da wanda zai ce masa a'a, kuma yana da wanda zai biya shi in ya gyara. Marubuciyar Kano fa? Ita ce mai rubutu, ita ce mai gyara, ita ce mai biyan maɗaba'a, wani lokaci da kuɗin adashi ko na sayar da ɗan kunne. Ta kai wa ɗan kasuwa, ya karɓa bashi, sai ya sayar ya ba ta abin da ya ga dama. Shi ɗan kasuwa ba ruwansa da ko an bambanta ƙ da k, abin da ya sani a raba labari kashi uku don a ci riba sau uku. Masu suka sun ga kurakurai sun ce marubutan ba su iya ba. Ni abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda a cikin wannan hali aka sami waɗanda suka yi rubutun da har yau yana tsaye, kan auren dole, kan kishi, kan sakin wulaƙanci, kan yarinyar da aka cire daga aji aka kai ɗakin tsoho. Su wa suka rubuta wannan kafin su, da bakin matan da abin ya shafa?

Sai kuma ajiya. Waɗannan mujallun na Amurka sun mutu a shekarun 1950, bayan ƙarancin takarda na Yaƙin Duniya na Biyu, ga ƙananan littattafan aljihu, ga talabijin. Amma ba a bar su sun ɓace ba. Jami'ar Bowling Green a Ohio ta buɗe laburare na adabin gama-gari tun 1969. Dubbansu an ɗauki hotonsu shafi-shafi an zuba a intanet kyauta. A 1995 Library of America, masu buga manyan marubutan ƙasar a takarda mai jure zamani, suka shigar da Chandler cikin jerinsu. A Turanci littafin da bai sayu ba ana mayar da shi injin niƙa ya sake zama takarda, shi ma da kalmar "pulp" ake faɗa. Namu in bai sayu ba mai ƙosai ce ke gadonsa.

Wani abin dariya, wanda kuma ba na dariya ba ne: da aka tashi fassara Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu zuwa Turanci a 2012, kamfanin Blaft na birnin Chennai ne ya buga, kamfanin da ya yi suna wajen tattara irin wannan adabi na harshen Tamil. Indiyawan da aka ce muna kwaikwayo, su suka fara ganin darajar abin.

Yanzu kasuwar ta koma waya. Marubuciya tana sakin shafi-shafi a WhatsApp ko manhajar karanta labarai ta Wattpad, a biya ta ta banki ko da katin waya a shiga rukuni. Ta huta da ɗan kasuwa, wannan ci gaba ne. Amma har yanzu babu edita, shi ya sa batsa ta yi yawa, tunda ita ke kawo kuɗi da sauri. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, ta gajerun labarai na mata, tun 2016, ta nuna abin da ke fitowa in aka ce ga alƙalai, ga ƙa'ida, ga lada, sai dai gasa sau ɗaya ce a shekara, mujalla kuwa duk wata take fita. Ta fuskar ajiya ma abin ya fi na da muni, domin waya na faɗawa ruwa labari ya tafi.

Wasu malamai a Jami'ar Bayero da makarantar SOAS ta Jami'ar Landan sun tara abin da suka iya na tsofaffin littattafan, Allah ya saka musu. Amma mafi yawa suna cikin akwatunan yayyenmu da gwaggonninmu, tare da tsofaffin atamfofi, gara tana aikinta. Wanda duk yake da su a gida, wayar hannunsa ta isa ta ɗauki hoton kowane shafi. Kuma don Allah a haɗa da bango da shafin godiya, kada a tsallake su, domin a nan ake samun sunan maɗaba'a, da shagon da ya rarraba, wani lokaci har da shekarar bugu.