Jirgin koyon yaƙi ba tsohon jirgi ba ne

A majalisun Agege, inda jirage ke ratsawa a kanmu zuwa Ikeja, sau da yawa za ka ji ana cewa jirgin da sojojin sama ke koyon tuƙi da shi tsohon jirgin yaƙi ne da ya gaji, aka ƙara masa kujera. Ba haka ba ne.

Tun daga zane ake ƙera shi domin koyarwa. Ɗauki Alpha Jet: Faransa da Jamus suka haɗa hannu, kamfanonin Dassault da Dornier suka ƙera shi, ya fara tashi a 1973. Ɗalibi na zama gaba, malami a baya, kuma an ɗaga kujerar malamin sama don ya hango titin sauka ta saman kan ɗalibinsa. Kowannensu na da sandar tuƙi, da ɗalibi ya kuskure sai malam ya karɓe. Da gangan aka hana shi gudun da ya wuce sauti, saboda a rage cin mai, kuma ya yi haƙuri da hannun sabon shiga. Jirgin yaƙi na gaske ba ya yafe irin wannan kuskure.

Haka L-39 na tsohuwar ƙasar Cekoslobakiya, wanda ya fara tashi a 1968, shi ake koyo da shi a Kano.

Masu ce wa jirgin koyo abin wasa su ma sun yi kure. Alpha Jet na ɗaukar bama-bamai da rokoki, Najeriya ta yi yaƙi da shi a Laberiya ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, daga baya kuma a Arewa maso Gabas.