Ganin Masanin Halayyar Ɗan Adam Ba Hauka Ba Ne

A Yamai, da an ji wani ya je ganin masanin halayyar ɗan Adam, sai a fara raɗa: "Ya zautu, sai Pavillon E." Ba haka ba ne. Wancan sashen masu taɓin hankali ne a babban asibitin ƙasa, inda likita ke rubuta magani. Shi masanin, zama yake da kai ku tattauna. Mai jegon da ke kuka ba dalili, direban da barci ya ƙaurace wa tun da ya yi hatsari, su ne mutanensa.

Illa fa akwai. Tono tsohon ciwo kan dagula hankali a makonnin farko. Wanda kuwa bai karanci aikin ba, ya buɗe shafi a Facebook kawai, yana iya ƙara maka damuwa, ko ka ji sirrinka a bakin ƴan fada.