Ranar da Ɗalibaina Suka Cinye Darasi

Tun muna kwalejin horar da malamai aka sha nanata mana cewa yaro ɗan shekara shida ba ya gane lamba sai ya taɓa abin da ake ƙirgawa da hannunsa. Abin da ba a gaya mana ba shi ne, tsakanin hannun yaro da bakinsa babu nisa.

Da muka zo darasin ware abubuwa iri-iri da ƙirga su a ajina na ɗaya, sai na raina murafun kwalabe da tsakuwoyin da sauran malamai suke amfani da su, na biya Kasuwar Rimi na sayo gyaɗa da aya da dabino da kuɗin aljihuna. Washegari na cakuɗa su a faranti, na ce yara su ware kowane iri gefe guda. Warewa ta tafi lafiya lau, in ban da wani yaro da ya dage cewa gyaɗa mai 'ya'ya biyu a ɓawo ɗaya dole a ƙirga ta biyu, kuma har yau ban samo amsar da zan ba shi ba.

Muka ƙirga tare da ƙarfi, muka samu gyaɗa 20, aya 15, dabino 12, sannan na jera su layi-layi a kan tebur don a ga wanda ya fi tsawo. Nan na fara jin kunya, domin dabino da ya fi kowa kaɗan shi ne ya fi aya tsawon layi saboda girman jikinsa, ajin kuwa ya amsa baki ɗaya cewa dabino ya fi aya yawa. Dole na zana gidaje daidai wa daida a jikin kwali, kamar na dara, kowane gida ya ɗauki ƙwaya ɗaya, sannan tsawon layi ya fara faɗin gaskiya.

Sai na juya ga allo domin in mayar da layukan zuwa jadawalin sanduna, na tsaya ina ƙawata kowace sanda da alli mai launi. Ban lura da shirun da ajin ya yi ba, alhali duk malamin da ya san aikinsa ya san irin wannan shirun ba na alheri ba ne. Ina juyowa na tarar da hedimasta a bakin ƙofa, dabino kuma saura uku.

Hedimasta ya dubi tebur, ya tambayi wata yarinya wane iri ne ya fi kaɗan. Ta miƙe cikin ladabi ta ce, "Dabino ne, Malam, kuma ƙara raguwa yake yi."

Maimakon faɗa, sai ya umarci kowane benci ya fito da ƙwallayen dabinon da ke aljihu, ya sa muka yi sabon jadawali da su. Bencin gaba ya kawo biyu, na tsakiya ɗaya, bencin da monita yake zaune ya kawo shida. Ban taɓa ganin yara sun karanta jadawali da sauri haka ba, domin kafin in yi tambaya yatsu duk sun nuna monita.

Da hedimasta zai fita sai ya kwashe ukun da suka rage, wai zai adana su a ofis a matsayin shaida. Bai kai ƙofa ba yaron nan mai gardamar gyaɗa ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, shi ma a zana masa sandarsa?"