Yajin Matan Atina: An Riƙe Labarin Shimfiɗa, An Manta Da Na Baitulmali

Da Bahaushe ya tashi raɗa wa ajiye aiki suna, bai je nesa ba. Cikin gida ya leƙa, ya ga matar da miji ya ɓata wa rai ta naɗe kayanta ta nufi gidan iyayenta, ya ce to ma'aikata ma yaji suke yi. Shi ya sa labarin Lisistirata, wasan barkwancin da Aristofanis ya gabatar a birnin Atina na ƙasar Girka a shekara ta 411 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ba zai zo mana a baƙo ba. Mata ne suka yi yaji na taron dangi don a daina yaƙi. Sai dai ina ganin duniya ta kama jelar labarin ne ta saki kansa.

A shekarar da aka yi wasan, Atina ta shekara ashirin tana gwabzawa da Sparta, wani birnin Girka, tun daga 431. Shekara biyu kafin nan, rundunar da ta tura tsibirin Sisili ta hallaka kusan baki ɗaya, jiragen ruwa sun tafi, waɗanda aka kama aka zuba su a ramukan fasa dutse suna mutuwa da ƙishi da cuta. Sparta ta kafa sansani a Dekeliya, cikin ƙasar Atina, manoma ba su iya zuwa gona. A gaban mutanen da ke cikin wannan makoki aka fito da mace mai suna Lisistirata, sunan da ke nufin mai watsa runduna.

Kowa ya san dabararta ta farko. Ta tara matan Atina da na Sparta da Koranti da Boyotiya, suka yi rantsuwa a kan ƙwaryar giya cewa za su ƙaurace wa shimfiɗar mazajensu har sai an yi sulhu. A nan aka fi shan dariya, musamman inda wata Mirina take wasa da hankalin mijinta Kinesiyas: ta tafi ɗauko gado, ta koma neman tabarma, sai matashi, sai bargo, sai turare, daga ƙarshe ta ranta a na kare ta bar shi nan.

To amma a tsaya a duba. Matan nan da bakinsu suka yi kukan cewa mazansu ba sa gida, na wannan ya wata biyar a fagen daga, na waccan ya wata bakwai. Ina amfanin yaji ga mijin da ba ya gari? Kuma Atina birni ne da ke cike da kuyangi da karuwai. Aristofanis ba wawa ba ne, ya san wannan dabara ba ta da ƙafar tsayuwa. Ya sa ta ne don ta jawo kunne, kamar yadda mai tallan magani yake fara wasa da biri kafin ya kwance jakarsa.

Maganin yana cikin dabara ta biyu, wadda ba a cika ambata ba. A daidai lokacin da matan aure masu ƙuruciya ke rantsuwa, tsofaffin mata sun hau Akuropolis, tudun da ɗakin bautar gunkiyarsu Atena yake, inda ake ajiye dukiyar birni, suka garƙame ƙofa. Sai ga wani babban jami'i, ɗaya daga cikin dattawa goma da aka naɗa bayan masifar Sisili, ya zo ɗibar kuɗin sayen filafilan tuƙa jiragen yaƙi. Lisistirata ta ce masa ko anini ba zai fita ba, su za su riƙe kuɗin. Da ya yi mamaki, ta tambaye shi, to da ma wa yake riƙe muku kuɗin cefane a gida? Ta kuma faɗa masa gar da gar cewa masu neman muƙami ne ke hura wutar rikici don su sami abin wawura. Jirgi ba ya tashi sai da albashin matuƙa, kuma marubucin ya ɗora yatsa daidai kan jijiyar.

Wannan muhawara ita ce zuciyar wasan, kuma a cikinta dariya takan tsaya cak. Lisistirata ta ba da labarin yadda mata ke zaune a gida suna jin maza sun yanke shawarar banza a majalisa, mace ta daure ta yi murmushi ta tambayi maigida me aka yanke yau kan batun sulhu, shi kuwa ya daka mata tsawa, ina ruwanki, koma kan kaɗinki, yaƙi na maza ne. Da jami'in ya ce ai mata ba su da rabo a yaƙi, sai ta lissafa masa. Su ke haifar 'ya'ya a kai su daga. Su ke kwana su kaɗai a lokacin ƙuruciyarsu. Abin da ya fi ci mata rai shi ne 'yan matan da ke tsufa a ɗakin iyaye. Namiji ko da furfura ya dawo zai auri yarinya, ita kuwa mace lokacinta gajere ne, in ya wuce ba mai waiwayarta. Duk garin da rikici ya cinye wa samari ya san wannan lissafi ba wasa ba ne.

Har tsarin mulki ta ba shi, daga kwandon saƙa. Ta ce a yi wa birni yadda ake yi wa gashin tunkiya: a wanke dauɗa, a tsince ƙarangiya, a warware ƙulle-ƙullen masu haɗa baki don muƙami, a shiɓe, a haɗa 'yan gari da baƙi mazauna a kwando ɗaya, a kaɗa zare a saƙa wa jama'a riga. Sannan matan suka lulluɓa wa jami'in mayafi, suka miƙa masa kwando, suka ce daga yau yaƙi na mata ne.

Kada dai daɗin labari ya kwashe mu. Masu cewa Aristofanis ɗan rajin 'yancin mata ne sun ɗora masa rawanin da ba nasa ba. Duk 'yan wasan maza ne sanye da fuskokin aro. Macen Atina ba ta jefa ƙuri'a, ba ta magana a majalisa. Shugabansu Perikilis, kamar yadda masanin tarihi Tusididis ya ruwaito, cewa ya yi babbar darajar mace ita ce kada a ji sunanta a bakin maza, ko da yabo ko da zagi. Abin dariyar a wurin 'yan kallo shi ne abin ba zai taɓa yiwuwa ba, tamkar a ce kaji sun kama dila. An nuna matan a matsayin mashaya marasa haƙuri, har wata ta cusa kwalkwalin ƙarfe a riga ta ce naƙuda take yi don a bar ta ta koma gida. Da aka zo sulhu, a siffar budurwa tsirara aka fito da shi, wakilan Atina da Sparta suna rabon jikinta kamar taswira. Bayan biko kowace ta bi mijinta. Ita kanta Lisistirata ba ƙin yaƙi kacokan take ba, haushinta shi ne Girkawa na kashe juna alhali ga Farisa na jira a gefe.

Duk da haka ba na cikin masu cewa wasan fanko ne. Gaskiyar da namiji ba zai iya faɗa a majalisa ba tare da an kira shi matsoraci ba, an sa ta a bakin mace, an naɗe ta da raha, aka faɗe ta a gaban dubban mutane. Raini ne ya buɗe wa maganar ƙofa.

Abin da ya faru a Laberiya a 2003 ya ƙara min ƙarfin gwiwa kan wannan karatu. Matan Kirista da Musulmi ƙarƙashin Leymah Gbowee sun shelanta yajin shimfiɗa don a kawo ƙarshen yaƙin basasar ƙasar, kuma shi jaridun duniya suka fi yayatawa. Ita da kanta ta ce bai yi wani tasiri a aikace ba, illa jawo hankalin 'yan jarida. Abin da ya yi aiki shi ne zaman dirshan cikin fararen kaya rana da ruwa, da kuma ranar da suka tare ƙofofin zauren tattaunawa a Accra suka ce ba mai fita sai an daidaita. A watan Agusta aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya. Ƙofa suka riƙe, kamar tsofaffin Akuropolis.

Su kuwa mutanen Atina sun yi dariya sun watse. A cikin shekarar aka kifar da dimokuraɗiyyarsu, mutum 400 suka karɓe mulki na 'yan watanni. Yaƙi ya ci gaba har shekara bakwai. A 404 yunwa ta sa birnin ya miƙa wuya, aka rushe dogayen ganuwoyinsa, 'yan mata masu busa sarewa suna yi wa masu rushewar kiɗa.